Kwamfutarmu Ta Yi Nauyi, Sabuwa Za Mu Saya?

A gidaje da yawa yanzu kwamfutar tafi-da-gidanka ta shiga cikin kayan da ba a iya rabuwa da su, kamar yadda keken ɗinki da rediyo suke a zamanin iyayenmu. Malamin makaranta yana buga tambayoyin jarrabawa da ita. Uwargida tana riƙe lissafin shago a ciki. Tun 2015 kuma hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta, saboda haka yaron da bai saba da ita ba yakan shiga ɗakin jarrabawa da tsoro biyu. Amma galibinmu ba sabuwa muke saya ba. Ta hannu ce, wadda ta gama aiki a wani ofis a Turai ko Amurka, ta sauka Legas, watakila ta bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, kafin ta iso Kano, ko Kaduna, ko Jos. Bayan 'yan shekaru sai kuka ya tashi a gida: "Ta yi nauyi."

Mun san wannan kuka, gama mun yi shi. Mu shida ne a gida, kwamfuta kuwa ɗaya. Mun saye ta a 2019, an ƙera ta wajen 2013. Da farko ta yi mana aiki ba gardama. A hankali ta soma ja da baya, har ya zama in an kunna ta sai a je a ɗora ruwan shayi a dawo ba ta gama farkawa ba. Yara suka shiga zargin juna. Babba ta ce ƙanenta ne ya cika ta da wasanni, shi kuwa ya ce fina-finanta ne. A 2024 babbar 'yar tamu ta kai shekarar ƙarshe a kwalejin fasaha, ga aikin bincike a gabanta mai shafi da yawa, ga ranar da za a karɓa an riga an sa.

Wani mai shago ya dube ta, ya ce ta tsufa, sai dai sabuwa. Amma tun da gwamnati ta saki naira a watan Yuni 2023, farashin duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya tashi ƙwarai. Da muka yi lissafi, sai muka ga kuɗin wata kwamfutar zai cinye kuɗin makarantar ƙananan biyu, ko kuwa mu shiga bashi. Ɗan maƙwabcinmu wanda ya koyi gyara shi ne ya zauna da mu wata ranar Asabar. Ya danna nan, ya danna can, sa'an nan ya ce, "Baba, Mama, lafiyarta ƙalau. Wurin aikinta ne ya yi mata kaɗan." Abin da muka koya daga wannan rana zuwa yau shi ne muke so mu ba masu karatu.

Rumbu da tabarma

Bari mu ɗauki misali da uwargida wadda take shirin abincin biki. Hatsinta yana cikin rumbu a bayan gida. Amma ba a cikin rumbu take aiki ba. Takan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ɗebo dawa, da wake, da gyaɗa, ta baza su inda hannunta zai kai. In tabarmar tana da faɗi, kome yana gabanta, aiki yana tafiya. In kuwa ƙarama ce, tilas kafin ta taɓa wake ta kwashe dawar ta hau ta mayar rumbu, in ta sake bukatarta ta sake hawa ta ɗebo. Matar ba raguwa ba ce, rumbun kuma cike yake, amma yini zai ƙare a hawa da sauka.

Haka kwamfuta take. Tana da ƙwaƙwalwa mai yin aikin, wadda masu gyara suke kira furosesa, ita ce uwargidan. Tana da rumbun ajiya inda takardu da hotuna da manhajoji suke kwana ko an kashe ta. Tana kuma da abin da ake kira ram, shi ne tabarmar. Duk manhajar da aka buɗe, a kan ram take zama. Da an kashe kwamfuta sai a kakkaɓe tabarmar, ba abin da yake saura. Da giga ake auna su duka biyu, irin gigan da muke ji wajen sayen data, shi ya sa mutane sukan rikita su. Tamu tana da rumbu giga 500, ram kuwa giga 4 kaɗai.

Sa'ad da ram ya cika, kwamfuta ba ta tsayawa. Takan kwashe wani abu daga ciki ta ajiye a wani lungu na rumbu, in an neme shi ta koma ta ɗauko. A nan ne nauyin yake fitowa. Tsohon rumbun ajiya faifai ne na gaske mai juyawa, galibi sau 5,400 a minti, da wani ɗan hannu mai yawo a kansa yana neman abu kamar allurar garmaho. Ram ya fi shi sauri sau dubbai. In mai karatu ya ga 'yar fitilar rumbu tana ci ba ta ɗaukewa, yana jin ƙaramar ƙara kurr-kurr, kibiyar allo kuma ta zama zobe tana juyawa, to, uwargida ce take hawa da sauka.

Watakila wani ya tambaya, me ya sa giga 4 ya ishe ta dā, yanzu bai isa ba? Amsar ita ce kayan da ake ɗora mata ne suka ƙaru. Kwamfutar da ta bi da kumbon Apollo 11 zuwa duniyar wata a 1969, ram ɗinta wajen kilobait 4 ne. Giga 4 ya ninka wannan sau miliyan ɗaya. Windows XP ta 2001 tana iya tashi da mega 64, giga 1 kuwa mega 1,024 ne. Windows 7 ta 2009 ta nemi giga 1 aƙalla. Windows 11 ta 2021 ba ta karɓar ƙasa da giga 4. Shafukan intanet ma sun yi ƙiba, da hotuna, da bidiyo, da tallace-tallace masu motsi. A kwamfuta mai giga 4, Windows 10 ita kaɗai takan zauna a kan kusan rabin tabarmar tun ba a buɗe kome ba. Ragowar ita ce mutanen gida suke rabawa.

Abin da ba ya cin ko kwabo

Kafin a kai ta wurin kowa, ya kamata maigida ko uwargida su ga ciwon da idonsu. A danna maɓallai uku tare, Ctrl da Shift da Esc. Wani akwati zai buɗe mai suna Task Manager. A ciki akwai jerin duk abin da yake aiki, da yawan ram da kowane yake ci. A ɓangaren da aka rubuta Performance za a ga yawan ram ɗin duka da abin da ya saura. Ran da muka duba tamu, ram yana sama da kashi 90 cikin 100, rumbu kuwa yana tsaye a kan 100, alhali takarda ɗaya ce da burauza a buɗe. Wannan ya kashe gardamar yara nan take, gama kowa ya ga ba wasa ba ne ba fim ba ne. Fim ɗin da yake kwance a rumbu ba ya cin ram sai an kunna shi.

Na fari, a rage masu tashi tare da kwamfuta. Manhajoji da yawa sukan sa kansu cikin jerin waɗanda za su farka da zarar an kunna, ko ba a kira su ba, su zauna a gefen tabarma yini guda. A cikin Task Manager ɗin nan akwai wurin da aka rubuta Startup. A bi su ɗaya ɗaya, a kashe na hira, da na kiɗa, da na saukar da fina-finai. Kashewar ba ta goge su, in an bukace su ana iya buɗewa da hannu. Na tsaro da na sauti kuwa a bar su. Abin da ba a san aikinsa ba a tambaya tukuna.

Na biyu, a cire manhajojin da ba a amfani da su. Kwamfuta ta hannu takan zo da tarkacen da mai sayarwa ya zuba don a ga ta cika. A kula musamman da manhajar rigakafi. Windows 10 da 11 suna da tasu a ciki, mai suna Microsoft Defender, ta kuwa ishi gida. In aka tara biyu ko uku, kowace tana binciken kowane abu, har suna binciken juna, kamar masu gadi uku a ƙofa ɗaya kowa yana neman a buɗe masa jaka. Mun tarar da biyu a tamu ban da ta ciki, ɗaya ma wa'adinta ya ƙare tuntuni.

Na uku, a kula da burauza, gama ita ce babbar mai ci. Kowane shafi da aka bari a buɗe yana riƙe da rabonsa na ram, shafi mai bidiyo kuwa yakan riƙe ɗaruruwan mega. Ɗalibai suna son barin shafi 20 a jere don kada su manta inda suka ga abu. Mun koya wa 'yarmu ta yi wa shafin alama ta rufe shi, ta riƙe uku ko huɗu kawai. Chrome tana da wurin da ake kira Memory Saver, Edge ma tana da irinsa, wanda yake sa shafin da aka daɗe ba a taɓa ba ya yi barci ya saki ram. A tabbata a kunne yake. A kuma zaɓi burauza ɗaya, kada a buɗe biyu lokaci guda.

Na huɗu, a riƙa sake kunna ta. Mutane da yawa rufe murfi kawai suke yi, mako ya zo ya wuce kwamfuta ba ta kakkaɓe tabarmarta ba. Akwai kuma wani abin da ba kowa ya sani ba. Tun daga Windows 8, in aka zaɓi Shut down, kwamfuta takan adana wani sashe na abin da take ciki don ta yi saurin tashi gobe. Restart ne yake share kome ya fara sabo. Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa.

Na biyar, a bar wa rumbu wurin numfashi. Tun da can ne kwamfuta take kai abin da ya fi ƙarfin ram, in rumbun ya cika maƙil sai abin ya haɗu ya yi mata yawa. A kwashe fina-finan da aka gama kallo, a share kwandon shara. Amma kada a yarda da mai cewa a kashe wannan lungu da Windows take aro daga rumbu wai don ta yi sauri. In aka kashe shi a kwamfuta mai ƙaramin ram, manhaja za ta riƙa mutuwa a tsakiyar aiki, ta tafi da abin da aka rubuta.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya kamata a yi wa yara da babbar murya. Za su ga talla a intanet mai cewa, latsa nan ka ƙara wa kwamfutarka ram, ko kuwa, an ga cuta 50 a kwamfutarka, sauke wannan ta warke. Ƙarya ce. Ram ƙarfe ne da ake riƙewa a hannu, ba a sauke shi daga intanet. Irin waɗannan manhajoji su kansu ram suke ci, waɗansu kuma ɓarayi ne masu neman lambobin banki.

Ƙura da zafi

Wannan sashe ya shafe mu fiye da mutanen ƙasashen da aka ƙera kwamfutar dominsu. A ciki akwai 'yar fanka mai jawo iska ta sanyaya furosesa. Kowane hunturu ƙura tana bin wannan iska ta shiga, ta taru a bakin mafita har ta zama kamar auduga. Sa'ad da furosesa ta ji zafi ya yi yawa, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Alamar ita ce fanka tana ihu, gindin kwamfuta yana ƙuna, tana kuma ƙara nauyi bayan an yi rabin awa ana aiki. A watan Maris da Afrilu abin ya fi tsanani.

Da yaron nan ya buɗe tamu, abin da ya ciro daga bakin fankar ya kai girman ɗan yatsa. Ya goge tsohon man da yake tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, wanda ya riga ya bushe, ya shafa sabo. Tun daga ranar muka kafa doka a gida: ba a ɗora ta a kan katifa, ko matashi, ko bargo, gama suna toshe mata hanci. A kan tebur ake aiki, ko a sa tire a ƙarƙashinta. In an gama a rufe ta da ƙyalle. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu, a kai a share cikinta.

Abin da yake cin kuɗi kaɗan

Waɗannan duka sun sauƙaƙa mata, amma tabarmar tana nan yadda take. Magani na sosai biyu ne: a ƙara ram, a kuma sake rumbu.

Yawancin kwamfutocin ofis na shekarun nan suna da gurbin ram biyu a ƙarƙashin wani ɗan murfi, sau da yawa ɗaya ne yake da kaya. Task Manager yakan nuna gurbi nawa ake amfani da shi. Tamu ɗaya cikin biyu ne, muka sayi wani giga 4 aka sa, ya zama 8. Amma ram iri iri ne, ba kuwa sa shiga gurbin juna. Akwai DDR3, akwai DDR4 wanda ya bazu a kwamfutocin tafi-da-gidanka wajen 2016, akwai DDR5 na baya-bayan nan. Kowane yana da tsaga a wuri dabam, in aka tilasta shi sai a karya gurbin. Akwai kuma DDR3L mai cin wuta kaɗan, waɗansu kwamfutoci ba sa tashi sai da shi. Saboda haka gara a tafi kasuwa da kwamfutar, a sa a gabanka, a kunna ka ga lambar ta ƙaru kafin ka biya. A duba kuma ko Windows ɗin mai 64 ce ko mai 32, ana gani a wurin da aka rubuta About. Mai 32 ba ta iya amfani da abin da ya wuce giga 4, ko an sa mata 16.

Sabon rumbu kuwa shi ake kira SSD. Ba faifai a cikinsa, ba abin da yake juyawa, ɗan'uwan katin memori na waya ne amma ya fi shi ƙarfi da sauri. Tsohon faifai yakan karanta wajen mega 100 a daƙiƙa, SSD irin wanda yake shiga tsohuwar kwamfuta wajen 500. Wajen neman ƙananan abubuwa da suke warwatse kuwa, wanda shi ne yawancin aikin, ratar ta fi haka nesa. Kamar an ɗauko buhunan daga rumbu ne an jingine su a gefen tabarma. Ko tabarmar ƙarama ce, miƙa hannu kawai za a yi. Shi ya sa in kuɗin abu ɗaya ne a hannu, kwamfutar kuma tana da giga 4 da tsohon faifai, mu dai shawararmu a fara da SSD. Mai giga 256 ya ishi aikin gida da na makaranta. Bayan an sa wa tamu, tashin da yake cin mintoci ya koma ƙasa da rabin minti. Tsohon faifan ma bai zama asara ba. An sa shi a ɗan kwanso mai igiya, ya zama wurin ajiyar hotuna da fina-finai.

Kafin sukudireba ta taɓa kwamfuta, a kwafe kome mai muhimmanci a filas ko a wani wuri dabam: aikin makaranta, takardun shaida, lissafin shago, hotunan biki. Kada garin neman gira a rasa ido. 'Yarmu ta kwafe aikinta wuri biyu, ta kuma aika wa kanta ta imel. A cire caja da batir kafin a buɗe. Mai buɗewa ya taɓa ƙarfe tukuna, domin wutar nan da take tartsatsi a jikin riga lokacin hunturu tana iya lalata ram. In wurin mai gyara aka kai, a zauna a yi a gabanka, a kuma karɓo tsohon faifai a taho da shi, gama asirin gida yana ciki. Kada kuma a bari sai saura mako ɗaya a miƙa aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar Windows 10

Akwai wata matsala da ram ba ya warwarewa. A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, sai dai ga waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi, wanda aka sa ƙarshensa ga mutanen gida a 13 ga Oktoba 2026. Kwamfutar ba za ta daina aiki ba. Amma in aka gano wata kafa da ɓarayi za su bi, ba mai toshe ta. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa, galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika su ba, har da tamu. Masu gyara sun san dabarar cusa ta da ƙarfi, amma wannan ƙarin kaya ne a kan jakin da ya riga ya gaji.

Akwai wata hanya. Linux manhajar tafiyar da kwamfuta ce kamar Windows, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Kyauta ce, mutane da yawa a duniya suke gina ta. Tana da iri da yawa. Linux Mint tana tashi da ram giga 2, da giga 4 kuwa tana sakewa, fuskarta kuma ta yi kama da abin da mai Windows ya saba. Tana zuwa da burauza, da LibreOffice wadda ake rubutu da lissafi da ita. Ana iya gwada ta daga filas ba tare da an taɓa abin da yake cikin kwamfuta ba.

Sai dai kowa ya auna bukatar gidansa. LibreOffice tana buɗe takardun Word, amma wani lokaci jerin shafi yakan ɗan gusa, ɗalibin da malaminsa yake da tsanani a kan tsari sai ya lura. Waɗansu manhajojin gwajin jarrabawa da na aikin injiniya don Windows kaɗai aka yi su. Mu mun jira har 'yarmu ta miƙa aikinta, ƙanenta kuma ya rubuta jarrabawarsa, sa'an nan aka sa Linux Mint. Mako biyu na fari an yi gunaguni, gama kome ya sake wuri. Yanzu autarmu ma tana buɗewa ta yi aikin gida ba ta kiran kowa.

Yaushe za a haƙura?

Ba kowace kwamfuta take gyaruwa ba, bai kuwa kamata a zuba kuɗi a rijiya ba. Akwai ƙananan nan masu araha, marasa nauyi, masu ram giga 2 da rumbu giga 32. A yawancinsu an manne ram ɗin da rumbun a jikin allon ciki, ba a cirewa ba a ƙarawa. Irin wannan sai dai a rage mata kaya, ko a sa mata Linux mara nauyi, ta yi rubutu da karatu. In kwamfuta tana mutuwa da kanta bayan an share ƙura, ko allo yana zane-zane, ko kuɗin gyara ya doshi rabin kuɗin wadda ta fi ta, lokacin rabuwa ya yi. In batir ya kumbura har yana ɗaga maɓallai, a daina caji nan da nan a cire shi, kada a huda shi, kada a jefa a wuta, kada a bar wa yara. Wanda kuma aikinsa haɗa bidiyo ne ko zanen gini, tsohuwa ba za ta ɗauke shi ba ko an yi mata me.

In ya zama dole a saya, abin da muka koya yana da amfani a kasuwa ma. Kada kyan jiki ya ruɗe mu. A tambayi ram nawa ne, kada ya gaza giga 8. A tambaya ko SSD ne a ciki. A tambaya ko akwai gurbin ƙari, ko kuma tana karɓar Windows 11 ba da dabara ba. A kunna a duba da ido, kada a tsaya ga takardar da aka manna a jiki.

Ya ku iyaye, da yawa cikinmu mun bar wa yara sha'anin kwamfuta, muna cewa ba zamaninmu ba ne. Amma kuɗin daga aljihunmu yake fita, mu ne kuma za a tambaya ran da kuɗin makaranta ya gaza. Wanda ya iya duba man babur da iskar taya zai iya danna maɓalli uku ya karanta lamba. Bari mu zauna tare da 'ya'yanmu a gaban allon, su nuna mana inda ake dannawa, mu kuwa mu nuna musu yadda ake lissafi kafin a sayi abu. A fara da abin da ba ya cin kuɗi, a ba shi mako guda a gani. In bai isa ba, a share ƙura. In har yanzu da saura, a tambayi kuɗin SSD da na ram, a rubuta su a takarda kusa da kuɗin wata kwamfutar, sa'an nan gida ya yanke shawara.